Kunnen Bakanike: Masu Sauraren Ƙarar Inji a Maiduguri

Idan mota ta shigo gareji tana ƙas-ƙas-ƙas a cikin inji, gwanin bakanike ba ya garajen ɗaukar sifana. A garejojin da ke kewaye da Tashar Baga da Tashar Bama, abin da za ka fara ji daga bakinsa shi ne, "Alhaji, bar ta a kunne." Sai ya ɗaga bonet, ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan murfin inji, ya kafa kunne a ƙotarta. Ya matsa gaba, ya sauko gefe, yaronsa na zaune a sitiyari yana jiran a ce masa "taka" ko "saki".

Abu ɗaya yake son ganowa: daga sama ƙarar take fitowa ko daga ƙasa? Kuɗin gyaran duka a nan ya rataya.

Ƙarar sama siririya ce, kamar ta keken ɗinki, kuma yawanci tafet ne. Tana da alamar da ba ta ɓuya ga wanda ya iya. Kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, juyi ɗaya take yi duk sa'ad da karanshaf ya yi biyu, don haka bugun tafet rabin saurin inji ne. A tsofaffin Peugeot 504 da yawancin Honda, gyaran bai wuce a buɗe murfi a auna tazarar bawul da siraran ƙarafan awo, a ɗaure, a mayar ba. Amma Golf 3, wadda direbobin haya suka runguma, tafet ɗinta baƙin mai ne ke cika shi ya toshe tazarar, babu abin da za a saita. Idan ya yi ƙara, ko mai ya yi ƙasa, ko datti ya toshe masa hanya, ko famfon mai ya gaji. Shi ya sa mai hankali yake fara zaro sandar gwada mai, ya murza abin da ke jikinta tsakanin yatsu biyu, ya sansana.

Akwai kuma ƙararrakin da ke yaudara. Gaskit ɗin da ke mahaɗar inji da salansa idan ya tsage, yana yin tik-tik da safe, ya yi shiru da zarar ƙarfe ya ɗumama ya kumbura. Fulogin da bai ɗauru ba ma haka yake yi. Injekta kuwa dama da 'yar ƙararta aka ƙera ta. An sha sauke inji a banza saboda waɗannan.

Ƙarar ƙasa ita ce mai tayar da hankali. Nauyi gare ta, ƙwan-ƙwan-ƙwan, kuma tana ƙaruwa in an taka totur. Nan bakanike zai riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka cire ƙarar ta lafa, to a silindar nan ciwon yake. Sai a juye mai a faranti a fito da shi rana. In aka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye, karanshaf sai an kai shi wurin masu injin washi. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya kai Damaturu a haka, kilomita sama da 130, a hanya zai ji abin da ake kira "inji ya buga".

Garin ma da kansa ba ya raga wa inji. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, mai ya tsinke. Da hunturu ƙura ta cika matatar iska, wani direban kuma ya kakkaɓe ta ya mayar maimakon ya sayi sabuwa. Ga jabun baƙin mai a galan mai kyan gani. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa suka koma jinkirta juye baƙin mai saboda tsada, suna ƙara mai a kan tsoho. Sannan ga ambaliyar Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye unguwanni da motocinsu. Ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda. Duk wanda ya yi saurin tayar da motar da ta sha ruwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin, kuma irin wannan ƙarar babu man da ke maganinta.

A nan ne ake bambance mai sana'a da ɗan damfara. Akwai masu ɗura wa inji mai mai kauri domin ya yi shiru kwana biyu, musamman in motar ta sayarwa ce. Wannan ba gyara ba ne, ɓoye aibi ne, kuma a injinan zamani masu ƙananan hanyoyin mai kaurin ma kan ƙara wa tafet yunwa. Akwai kuma waɗanda ko kunne ba su kafa ba sun ce a sauke inji, don a nan kuɗin aiki ya fi tsoka, ga kamasho a kan kayan da za a yi oda daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas.

Kunnen nan ba a aji ake samunsa ba, duk da Kwalejin Ramat tana koyar da aikin injiniya a garin. Yaro shekaru yake yi yana wanke noti a fetur, yana miƙa sifana, kafin maigidansa ya miƙa masa ƙotar sukundireba ya ce, "Me ka ji?" Kwamfutar gwaji da matasa ke alfahari da ita tana da amfani, amma ba ta jin metal da ya fara cinyewa.

Kai mai mota, in ka ji baƙuwar ƙara, lura ko da sanyin safiya take yi ko bayan inji ya yi zafi, ka duba mai, ka faɗa wa bakanike. In kuma jar fitilar mai ta kama tare da ƙarar, kashe motar nan take, a jawo ta.