Ganyen Miya da Ciwon Fuska na Rozeshiya

Akwai wani ciwon fata da ke kama tsakiyar fuska, wato kumatu da hanci da goshi da haɓa, wanda likitoci ke kira rozeshiya. Yawanci yakan bayyana bayan mutum ya haura shekara 30. Mata sun fi kai kukansa asibiti, amma a jikin maza ya fi yin muni, har hanci ya yi kauri ya kumbura. Wani nazari da ya haɗa bincike daga ƙasashe da dama a 2018 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na manya suna fama da shi.

A farar fata jan da ciwon ke sa wa fuska yakan fito ƙarara, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa. A fatarmu jan ba ya nunawa sosai. Mai ciwon zai ji fuska tana ɗumi da raɗaɗi, ga ƙananan ƙuraje marasa baƙin kai irin na ƙurajen balaga, wurin ya yi duhu ko ya bushe. Wasu idanunsu kan kaɗa su yi ja, su riƙa jin kamar yashi a ciki. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba sammu ba ne.

To ina ganye ya shigo? Ta hanyar hanji. A 2008 likitoci a birnin Genoa na Italiya sun gano cewa masu wannan ciwo sun fi sauran mutane samun tarin ƙwayoyin cuta a ƙaramin hanji, kuma da aka magance wannan, fuskar da yawansu ta lafa. Wani babban bincike a ƙasar Denmark ya sake nuna cewa ciwon yakan zo tare da cututtukan ciki. Ganye kuwa yana da harza, wato ɓangaren da ciki ba ya narkarwa, wanda shi ne abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Yana kuma ɗauke da bitamin A da C da fata ke buƙata wajen gyara kanta. Ganye ba ya warkar da rozeshiya, duk wanda ya sayar maka da garin zogale a kan cewa zai raba ka da ita, kuɗinka kawai ya ci. Amma yana cikin abubuwan da ke taimakon jiki, kuma shi ne mafi arha a cikinsu.

A nan mutanen Katuru da ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda ba su da abin nema daga nesa. Damina na sauka tafasa da lalo da gasaya ke fitowa da kansu, ga rama da yakuwa a gefen gona, ga kuka da ake dakawa a ajiye har shekara. Na san rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa fadama da gonakin nesa, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa nake ganin kowane gida ya dasa zogale a tsakar gida ko bayan ɗaki. Reshe ake kafawa ya kama, ruwan alwala da na wanke hatsi ya ishe shi, cikin 'yan watanni a fara tsinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace kullum. Cokali biyu na miyar kuka a gefen malmalar tuwo bai kai ko kusa ba.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin girki. Kanwar da ake jefawa don ganye ya yi laushi tana lalata bitamin C da wasu daga cikin na B. Doguwar dahuwa ma haka, musamman in an tsiyaye ruwan an zubar. A wanke ganye kafin a yanka, a sa shi a ƙarshen girki, a sauke da sauran korensa. Wanda za a busar don rani a shanya shi a inuwa, domin rana tana cinye amfaninsa.

Sai babbar magana, barkono. Ƙungiyar masu kula da wannan ciwo a Amurka ta tambayi majinyata fiye da 1,000 abin da ke tayar musu da shi. Kashi 81 cikin 100 suka ce rana, kashi 79 damuwa, kashi 75 zafin gari, kashi 45 abinci mai yaji. Barkono yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fuska, jini ya kwararo, raɗaɗi ya tashi. Kwaɗon zogale ko na rama da aka cika wa yaji da attarugu zai iya tayar da ciwon a ranar da aka ci shi don neman sauƙi. A yi kwaɗon da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai, a ɗebar wa mai ciwon nasa kafin a zuba yaji. Shayi da kunu da koko a bar su su huce. Manomi da ɗan kasuwa su riƙe malafa, mai girki ta ja baya daga hucin murhu gwargwadon iko. Wasu kuma tumatir ko lemon tsami ke taso musu da shi, don haka kowa ya lura da abin da ya ci a ranar da fuskarsa ta ɗau zafi.

Abin da ya fi damuna shi ne man shafawa. Mace ta ga ƙuraje, ta je kemis ko wajen mai kayan kwalliya, a miƙo mata ɗan bututu mai ɗauke da betamethasone ko clobetasol, ko a haɗa mata shi cikin man bilicin. Kwana kaɗan fuska ta yi sumul, ta yi murna. Da ta daina sai ciwon ya dawo ya fi na da, ta koma ta sayo, fata tana ta yin siriri har jijiyoyi su fito. Waɗannan mayukan da kansu suna haddasa ciwo irin wannan ga wadda ba ta taɓa yin sa ba. Babu yawan ganyen da zai gyara fuskar da ake shafa wa su kowace safiya. Wadda ta daɗe a kansu ta nemi likita ya nuna mata yadda za ta rabu da su, saboda fuskar takan yi bore a makonnin farko, kuma a lokacin ne ake karaya a koma.

Maganin asibiti yana nan, akwai na shafawa kamar metronidazole da ivermectin, akwai na sha kamar doxycycline, wanda mai ciki ba ta shansa. Likita ne kuma zai bambance rozeshiya da cututtukan da ke kama da ita, irin su lupus, ko pelagra da ke kama waɗanda masara ta zame wa kusan ita kaɗai ce abinci. A fara da babban asibitin Shinkafi ko Zurmi ko Kaura Namoda, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wanda ciwon ya taɓa masa ido, yana jin zafi ko gani ya fara dushewa, kada ya jira ranar kasuwa.