Gandun Jiha Ba Aikin Hukuma Kaɗai Ba Ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gandayen daji da jihohin Amurka ke keɓewa don shaƙatawa aikin hukuma ne tsantsa, ƙungiyoyin sa kai da ke raɓe da su kuwa ƙawa ce kawai. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: filin na jiha ne, haraji ne ke biyan ma'aikata, doka ma a hannun gwamnati take. Sai dai tarihin jihar Kalifoniya bai mara musu baya ba.

Big Basin, wanda ya fi kowane gandun jihar daɗewa, an kafa shi ne a 1902 saboda nacin ƙungiyar Sempervirens. Wani mai ɗaukar hoto, Andrew Hill, da abokansa ne suka kafa ta a 1900 don ceto manyan itatuwan redwood daga masu yankan katako. Ke nan 'yan sa kai sun riga hukuma isa wurin.

A 2011, da aljihun jihar ya yi rauni, aka jera gandaye 70 daga cikin 278 za a rufe. Majalisa ta yi dokar da ta ba ƙungiyoyin da ba na neman riba ba damar tafiyar da wasunsu, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu. A 2012 wata ƙungiyar yankin Sonoma ta karɓi gandun Jack London, ta ci gaba da buɗe shi. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke gyara hanyoyin ƙafa, suke tuge baƙin ciyayi masu kashe na gida, suke zagayawa da 'yan makaranta suna koya musu sunayen itatuwa da tsuntsaye.

Akwai masu fargabar cewa hakan zai sa hukuma ta yi sakaci da nauyinta. Fargabar tana da tushe, don a 2012 an gano kusan dala miliyan 54 da hukumar gandayen ba ta bayyana ba, alhali jama'a na ta tara gudummawa. Amma maganin sakaci shi ne sa ido. Wanda ya yi gumi a gandu ya san inda kwalbati ta karye da inda kuɗi bai kai ba, shi ne kuma ke iya tunkarar ɗan majalisa da tambayar da ba ta kaucuwa.