Sinimar Cikin Falo: A Duba Bayan Na'ura Kafin A Biya Kuɗi

Daga Wakilinmu

A zamanin da, wanda ya yi sha'awar kallon sinima sai ya jira dare ya yi, ya tafi gidan sinima ya yanki tikiti, ya zauna bisa benci yana kallon majigi, taurari kuma suna bisa kansa. A yau magidanta da dama sun ɗauko sinimar sun shigo da ita falonsu. Ga babban telebijin a jikin bango, ga lasifikoki an kewaye ɗaki da su. Masu shaguna suna kiran wannan kaya hom-tiyata, sunan da ba shi da wata dangantaka da tiyatar asibiti, gama ma'anarsa ita ce sinimar gida.

Sau da yawa mutum kan tara kuɗi wata da watanni ya sayi waɗannan kaya, ya kai gida ya haɗa, sai ya ji ƙarar bindiga tana neman fasa masa kunne alhali maganar 'yan wasa ba ta fita. Wani kuma ko mako guda ba a yi ba sai ya ji ƙauri ya tashi, shi ke nan sai shagon mai gyara. Galibi kuskuren tun a kasuwa aka yi shi, lokacin da mai saye ya tsaya yana karanta lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali, bai juya na'urar ya ga abin da ke bayanta ba.

Jigon kayan duka shi ne wani akwati mai nauyi da ake ajiyewa kusa da telebijin. Turawa suna kiransa risiba, a kasuwanninmu kuwa an fi saninsa da amfilifaya. Kada mai karatu ya haɗa shi da risibar tauraron ɗan'adam, watau dikoda. Shi wannan akwati yana karɓar hoto da sauti daga dikoda, ko na'urar faifai, ko akwatin intanet, ya miƙa hoton ga telebijin, sa'an nan ya warware sautin fim ya ba kowace lasifika rabonta, tare da ƙarfin da zai motsa ta.

Kamfanin Dolby, wanda Ray Dolby ya kafa a birnin London cikin 1965, shi ya yi fice da tsarin da ke sa sauti ya fito daga gaban 'yan kallo da kuma bayansu, duniya kuwa ta san tsarin sosai ta fim ɗin Star Wars na 1977. Cikin 1982 ya shiga gidaje. An fito da Dolby Digital a 1992, a 1993 kuma wani kamfani dabam ya fito da nasa mai suna DTS tare da fim ɗin Jurassic Park. Tun daga lokacin lambar nan ta 5.1 ta zama ruwan dare. Biyar ɗin lasifikoki ne, hagu da dama da tsakiya a gaba, da biyu a gefen masu kallo. Ɗayan kuwa ita ce wufa, mai fitar da gurnani mai kauri. Dolby Atmos, wanda ke ƙara sauti daga rufin ɗaki, ya fara a gidajen sinima cikin 2012, ya iso na'urorin gida a 2014.

A ganinmu, 5.1 ta ishi falon yawancin mutane. Tsarin 7.1 yana ƙara lasifika biyu a bayan mai kallo, to amma mu nan kujerunmu a jikin bango muke jera su, ba wani fili a baya. Wanda ya biya kuɗin bakwai a irin wannan ɗaki ya sayi abin da ba shi da wurin ajiyewa.

RUƊIN LAMBAR WAT

Wat shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki, shi ne kuma makamin da ake yi wa mai saye ciniki da shi. Za a ga ɗan ƙaramin akwati wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya, an rubuta masa wat 3,000 ko fiye, a gefe kuma da ƙananan baƙaƙe an sa PMPO. Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafinsa. Ruɗin ƙarfin na'ura ya yi yawa a Amurka har ya kai ga a 1974 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin ƙasar ta kafa ƙa'ida, ta tilasta wa kamfanoni su faɗi ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Shi ne wanda ake nunawa da baƙaƙen RMS.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. A juya na'urar, kusa da inda wayar wuta ke shiga akwai rubutu mai nuna yawan wutar da take sha. Lambar ba cikakken ma'auni ba ce, domin kamfanoni sun bambanta wajen auna ta, amma idan bayan na'ura ya ce tana shan wat 80, kwali kuma ya ce tana fitar da 3,000, ba sai an kira injiniya ba. Abin da aka zuba a tulu shi ake tsiyayowa. Manyan kamfanoni ma, irin su Yamaha da Denon da Marantz da Onkyo da Sony, sukan buga lamba fiye da ɗaya. Wadda ta fi girma galibi an auna ta ne lasifika ɗaya kaɗai tana aiki. Mai saye ya nemi wadda aka auna lasifika biyu suna aiki tare bisa om 8, ita ce ta kwatanta na'ura da na'ura.

Wani abin da mai shago ba zai yi saurin faɗi ba shi ne, kunnen ɗan'adam ba ya bin lissafin wat. Ana auna ƙarar sauti da desibel. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ke ƙaruwa, kuma sai an ninka shi kamar sau goma kafin kunne ya ji sauti ya ninka. Bambancin da ke tsakanin na'ura mai wat 80 da mai wat 100 bai wuce desibel ɗaya ba, wanda da ƙyar ake jinsa. Lasifika mai kyau kan ba da desibel 87 zuwa 90 da wat ɗaya tak, ga wanda ke zaune mita ɗaya daga gare ta. Mai desibel 91 rabin ƙarfin da mai 88 ke bukata take bukata. Saboda haka wanda kuɗinsa ba su da yawa, gara ya sayi matsakaiciyar risiba ya zuba ragowar a lasifikoki.

A bayan kowace lasifika an rubuta om 4, ko 6, ko 8. Mai ƙaramar lamba ta fi jan wuta, ta fi kuma sa na'ura zafi, don haka tilas a duba ko risibar ta yarda da ita. Idan aka cusa wayoyin lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, sun koma om 4 ke nan. Ta nan ne na'urori da yawa ke mutuwa ranar suna ko biki, sa'ad da aka fito da risibar falo tsakar gida aka ɗora mata manyan lasifikokin haya, aka kuma murɗe ta har ƙarshe. Sauti na fara gurɓacewa a rage nan take, gama gurɓataccen sauti kan ƙone ƙaramar lasifikar nan mai fitar da siririyar murya.

WUTA DA BAKIN WAYA

Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Ta Amurka 120, ta Japan kuma 100. Cikin kayan hannu da ake shigowa da su, waɗanda ake kira tokumbo, akwai na'urori masu inganci a farashi mai sauƙi, amma wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana iya ƙonewa cikin ƙiftawar ido idan aka sa ta a bango kai tsaye. Ita ma wannan lamba a bayan na'ura take. In ta nuna 120, sai da taransifoma mai rage wuta, wanda ƙarfinsa ya zarce abin da na'urar ke sha. Haka nan a tanadi sitabilaiza, a riƙa kashe na'ura idan an ɗauke wuta ko za a juya zuwa janareta, in an maido kuma a ɗan dakata. Masu amfani da hasken rana su sani cewa inbata mai araha, wadda wutarta ba ta da santsi, takan sa na'ura ta riƙa huci kamar ƙudan zuma.

Sai a ƙirga bakunan HDMI, watau inda wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare take shiga. A lissafa na'urorin da ke gida, a ƙara baki ɗaya na ko-ta-kwana. Mai telebijin na 4K ya tabbata risibar tana barin irin wannan hoto ya wuce. Bakin da aka rubuta wa ARC, wanda ya fito a 2009, ko sabonsa eARC na 2017, shi ke maido da sautin telebijin zuwa risiba, yana da amfani ƙwarai ga wanda ke kallon finafinan intanet daga cikin telebijin ɗin kansa. Wanda ke da tsohuwar risiba marar HDMI kada ya yar da ita. Siririyar wayar haske daga telebijin za ta kai mata Dolby Digital na 5.1, Atmos ne dai ba za ta kai ba.

IDAN AN ISO GIDA

A gidaje da yawa za a tarar an jera lasifikokin biyar reras a kan kantar telebijin kamar kwanukan jere. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin biyar yana jin aikin ɗaya. Ta tsakiya ce kaɗai ke zama dab da telebijin, sama ko ƙasa, tana fuskantar masu kallo, gama yawancin maganar 'yan wasa daga cikinta take fita. Ta hagu da ta dama a raba su, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazarar kowace zuwa kujerar maigida, tsayinsu kuma daidai kunnen mutum a zaune. Biyun da suka rage a sa su gefe da gefe, su ɗan ja baya kaɗan, sama da kunne kaɗan.

Wufa kuwa sai an nema mata wuri. Dabarar masu sana'ar ita ce a ɗora ta bisa kujerar da ake zama, a sa waƙa mai kiɗa mai kauri, mutum ya durƙusa ya bi gindin bango yana saurare. Inda ya ji gurnanin ya fito sumul, ba ya rugugi, nan ne mazauninta. Iyali za su yi dariya, amma aikin minti goma ne. A kuma tafa hannu a tsakiyar falo. In an ji amsa-kuwwa, kamar yadda aka saba a ɗakin da aka shimfiɗa wa tayil, to kafet da labule mai kauri za su gyara abin da na'ura mai tsada ba za ta gyara ba.

Kafin a taɓa waya a zare na'ura daga bango. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a bayan risiba da bayan lasifika. In aka juya guda ɗaya ba abin da zai ƙone, sai dai sautin ya rame, a rasa daga inda murya ke fitowa. A murɗe silin tagulla da kyau, domin sili ɗaya da ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya sa na'ura ta riƙa kashe kanta. Wayar tagulla mai kauri ta talakawa ta wadatar, ba sai mai tsadar da ake talla ba.

Yawancin risibobin zamani suna zuwa da ɗan ƙaramin makirufo, wanda mutane kan bari cikin kwali ba su san amfaninsa ba. Da shi na'ura ke auna ɗaki. Yamaha na kiran tsarinta YPAO, Denon da Marantz suna aiki da Audyssey, Pioneer kuma ta yi suna da MCACC. A ajiye makirufon inda kan mai kallo yake zama, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a fitar da yara. Na'urar za ta aika da ƙara ga kowace lasifika ta auna nisanta. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 cikin daƙiƙa ɗaya, sai ta ɗan jinkirta na kusa domin duka su iso kunne tare. Idan ta gama a shiga a duba aikinta, gama takan yi kuskure. Ga mai wufa, ya fi kyau a sa sauran lasifikokin a matsayin da aka rubuta Small, a tsai da iyaka a 80 Hz, watau duk sautin da ya fi haka kauri wufa ce za ta ɗauka. Wannan yana rage wa risiba nauyi, ya kuma tsare ƙananan lasifikoki.

In har yanzu magana ba ta fita, a ƙara wa ta tsakiya desibel 2 ko 3 maimakon a murɗa ƙarar duka. Akwai kuma tsarin dare, wanda ke danne fashewar bam ya ɗaga magana, maƙwabta su sami barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na awa 40 a mako, yara kuma ƙasa da haka. Idan sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji, ƙarar ta yi yawa.

Risiba tana fitar da zafi ta ramukan da ke samanta, ƙasarmu kuma ga ta da zafi. A bar mata fili kamar taki ɗaya a sama, kada a ɗora mata dikoda, kada kuma a kulle ta cikin kabad. Ƙyallen adon da uwargida kan shimfiɗa mata a ɗauke shi duk lokacin da za a kunna. In an kashe ta ta huce sai a mayar, musamman da hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina.