Ba a Sakin Tulu Sai Wuya Ya Karɓa

Duk wanda ya taɓa taya wata aza tulun ruwa a ka ya riga ya san rabin aikin kuloci, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ku biyu za ku kama, ku cicciɓa, ku ɗora a kan gammo. Amma ba nan take ake saki ba. Mai tayawa yakan bar hannunsa a jikin tulun, yana rage ƙarfi kaɗan-kaɗan, har ya ji a tafinsa nauyin ya bar shi ya koma wuyan mai ɗauka. Wani lokaci ma sai ya tambaya, "In saki?" a ce masa, "Saki." Idan ya yi gaggawa, wuya ya lanƙwashe, ruwa ya tuntsure, wataƙila tulun ma ya fashe. Idan kuma ya ƙi saki, ita ba ta tafi ba, shi bai huta ba, gammon sai murzuwa yake tsakanin kai da tulu.

Haka tashin mota mai giyar hannu yake. Inji ne mai ɗauka, nauyin mota ne tulun, faifan kuloci ne gammon, ƙafarka ta hagu ce mai tayawa. Mota tana tsaye inji yana silo, yana juyi kamar sau 700 zuwa 900 a minti, tayoyi kuwa ko motsi. Dole abu mai gudu ya haɗu da abu tsayayye, kuma haɗuwar tana faruwa ne a jikin wani faifai mai kaushi da ke tsakanin fulayiwil, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji, da farantin da sifirin ke matsawa. Ka taka kuloci, ka raba su. Ka ɗago ƙafa, faifan ya fara gogar fulayiwil yana zamewa, yana kamawa a hankali, har gudunsu ya zama ɗaya. A wannan ɗan tsakanin ake gane direba.

Wanda ya koyi mota a Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko a akori-kura mai shan dizal, ya saba da mai ɗauka mai kaurin wuya. Fulayiwil ɗinsu na da nauyi, da ya soma juyi ba ya saurin tsayawa, saboda haka ko ka ɗan jefa masa kayan zai jure. Motar gudu ba haka aka gina ta ba. Sau da yawa ana rage mata nauyin fulayiwil da gangan domin inji ya hau da sauri in an taɓa totur. To abin da ke saurin hawa yana saurin sauka, kana ɗora masa nauyi ba shiri sai ya mutu. Sannan ana ƙara wa sifirin ƙarfi don ya riƙe dawakin injin, wani lokaci wurin kamawar ya dawo ɗan siriri. Wasu injinan kuma ƙarfinsu yana can sama. Honda S2000 da ta fito a 1999 tana kaiwa juyi 9,000 a minti, amma a ƙasa, inda ake tashi, ba ta da wani ƙwazo na a zo a gani.

Wadda ta fi yin suna wajen wuyar tashi ita ce Porsche Carrera GT, da aka ƙera a Leipzig ta Jamus har zuwa 2006. Silinda goma ne da ita, lita 5.7, ƙarfin doki sama da 600, giyar hannu shida. Kulocinta na yumɓu ne mai faifai biyu, faɗinsa milimita 169 kacal, an ƙanƙanta shi ne don a samu damar saukar da inji ƙasa sosai a jikin motar. Direbobi da yawa da suka daɗe a kan sitiyari ta mutu a hannunsu a tashin farko. Shawarar waɗanda suka san ta ita ce kada ka taɓa totur sam. Ka ɗago kuloci a hankali, na'urar injin za ta ƙara masa ɗan mai da kanta, sai motar ta fara tafiya sannan ka taka. Wannan ya isa darasi ga duk mai zaton mota mai ƙarfi sai da rugugi take tashi.

Yadda ake yi bai da wuyar faɗa. Ka gyara kujera yadda za ka kai kuloci ƙasa ba tare da ka miƙe gwiwa sarai ba. Ka sa lamba ɗaya, ka fara ɗagowa. Za ka ji muryar inji ta ɗan yi ƙasa, allurar juyi ta sunkuya, jikin motar ya ɗan yunƙura. Nan ne wuya ya fara karɓa. Yawancin masu koyo a nan suke ɓata lamarin, domin suna jin motsi sai su ɗauka aiki ya ƙare, su cire ƙafa gaba ɗaya. A'a, nan ake tsayar da ƙafa cak, a ba ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, a ɗan shafa totur, juyi 1,200 zuwa 1,500 ya wadatar a yawancin motoci a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Idan motar ta kai saurin mai tafiya a ƙasa, ka saki sauran, ka ɗauke ƙafar daga kan kulocin kwata-kwata. Masu jingina ƙafa a kansa suna tafe, cinye shi suke yi ba su sani ba.

A kan tudu a ja hambirki, a nemo wurin kamawa, sannan a sauke shi. Riƙe mota a gangare da rabin kuloci zalunci ne ga faifan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin matashi ya samu mota mai kyau, ya taka totur har unguwa ta ɗauka, sannan ya riƙa sakin kuloci da ɗigo-ɗigo. Duk wannan juyin da bai isa taya ba zafi yake zama a jikin faifai, shi ne ƙaurin nan da ke shigowa ta taga. Wani kuma ya cika inji da juyi ya fizge ƙafa lokaci guda. Galibin motocin gudu da tayoyin baya suke tuƙi, sai tayoyin su ƙwace, bayan mota ya juya, girgizar ta sauka a kan giya da shaf. A filin tsere ana yin haka da sani, ana kuma biyan kuɗinsa. A titin da yara ke tsallakawa kuwa ganganci ne da rayukan mutane.

Idan Allah ya ba ka irin wannan mota, ko aka ba ka aro, ka nemi fili shimfiɗaɗɗe inda babu jama'a, ka yi ta tashi da kuloci kaɗai ba totur, har ƙafarka ta haddace wurin da yake kamawa. Kowace mota da nata wurin. A yawancin motoci, faifan da ya ƙone ba a sauya shi sai bakanike ya sauke giyabos gaba ɗaya.