Asalin Kalmar "Schepp" a Harshen Plautdietsch

1.0 Gabatarwa

Plautdietsch harshen Manonawa ne, wato wata ɗariƙar Kirista wadda mabiyanta suka yi ƙaura daga Holan zuwa bakin kogin Vistula a ƙarni na 16. Daga nan suka wuce daular Rasha a 1789, da Kanada a 1874, da Meziko a 1922, sannan Faraguwai a 1927. Akwai masu ɗaukar harshen a matsayin gurɓataccen Jamusanci. Wannan maƙala za ta auna wannan ra'ayi ta hanyar bin diddigin kalmar "Schepp", wato jirgin ruwa.

2.0 Tushen Kalmar

Masana sun mayar da kalmar ga tushen *skipą na uwar harsunan Jamusawa. Wannan tushe ne ya haifar da "skip" a tsohon Saksanci, da "schip" a Holanci, da "ship" a Ingilishi, da "Schiff" a daidaitaccen Jamusanci. Abubuwa huɗu ne suka bayyana a siffar "Schepp":

(a) Baƙin /p/ na ƙarshe ya tsira. A kudancin Jamus wannan baƙi ya rikiɗe zuwa /f/, amma sauyin bai kai ga kare-karen arewa ba. Haka abin yake a "Schop" (tunkiya), wadda Jamusanci ke kira "Schaf".

(b) Jerin /sk/ na farko ya narke ya zama /sh/, saɓanin Holanci inda har yau ake jin baƙaƙe biyu.

(c) Gajeren wasalin /i/ ya sauko ya zama /e/, kamar yadda "Fisch" (kifi) da "Tisch" (tebur) na Jamusanci suke "Fesch" da "Desch".

(d) Jam'inta, "Schäp", yana da dogon wasali, domin a dā wasalin ya faɗo a buɗaɗɗiyar gaɓa. Irin wannan bambanci na tilo da jam'i yana nan a "schip" da "schepen" na Holanci.

3.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa ba "Schiff" aka lalata aka sami "Schepp" ba. 'Yan'uwan juna ne, kuma /p/ ɗin "Schepp" ya girmi /f/ ɗin "Schiff". Sauye-sauyen sautin kuwa ƙa'ida suka bi, ba ɓaranɓarama ba. Abin lura shi ne, dubban masu wannan harshe a yau manoma ne a Boliviya da Faraguwai, ƙasashen da ba su da gaɓar teku, amma kalmar da kakanninsu suka ɗauko daga bakin tekun Baltik tana nan daram a bakinsu.