Fitilar Mararraba Da Halin Direbobi

Fitilar nan mai launi uku da a ke kafawa a mararrabar hanyoyi, wadda jama'a su ke kira danja, aikinta shi ne ta sa motoci su riƙa wucewa bi da bi. An fara kafa irinta a birnin Landan cikin 1868, kusa da Majalisar Ingila. Da gas ta ke aiki, ɗan sanda kuwa shi ya ke juya ta da hannu. Ba ta daɗe ba ta fashe, har ta ji wa ɗan sandan ciwo. Ja da kore kaɗai ke gare ta. Sai cikin 1920 wani ɗan sanda a Detroit ta Amurka, William Potts, ya sa mai ruwan ɗorawa a tsakaninsu.

To, wannan ta tsakiyar ita ce direbobinmu su ka fi yi wa mummunar fahimta. Da yawansu in sun hange ta sai su ƙara wuta, wai su riga ja. Ga dalilin da ya sa aka yi ta. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa ta kan ci kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin idon direba ya gani, ƙafarsa ta kai ga birki, daƙiƙar nan ta wuce, sa'an nan motar ta ƙara jan ƙasa kafin ta tsaya cik. Saboda haka a kan ba da kamar daƙiƙa uku, domin wanda ya riga ya matso ƙwarai ya fice, na nesa kuma ya sami damar tsayawa. Wanda ya taho daga nesa ya kutsa, cikin rabon waɗansu ya shiga, kuma ya kan iske su sun fara motsawa. Karon da a ke yi a nan mugu ne, gama a haƙarƙari a ke bugun mota, inda ƙofa kaɗai ta raba fasinja da ƙarfe.

Akwai kuma mai shiga tsakiyar mararraba alhali ya ga gabansa a cushe. Kore ce ta ba shi hannu, gaskiya ne, amma da launi ya juya sai ga shi gicciye, ya tare hanyoyi huɗu. Shi bai tafi ba, ya hana kowa tafiya. A ganina laifinsa bai gaza na mai keta ja ba, ko da ya ke ba kasafai a ke tsawata masa ba.

Maganar oda kuwa, abin har dariya ya ke ba mutum. Kore ba ta gama kamawa ba, na bakwai a layi ya danne oda, sai ka ce motoci shida na gabansa tashi sama za su yi.

Mu da za mu fita koyarwa, abin da ya fi shafarmu shi ne farin layin da a ke jawa a ƙasa gaban fitila. A bayansa mota za ta tsaya, domin masu ƙafa su sami wurin ƙetarewa. Masu babur da masu keke mai ƙafa uku su kan sulale su cika wurin, sai yaran makaranta su dinga ratsawa tsakanin motoci. Yaro ɗan aji ɗaya kuwa tsawonsa bai kai direban babbar mota ya hango shi daga mazauninsa ba. Lalle mu koya wa yara kada su dogara ga launin fitila kaɗai. In ta ba su hannu, su jira tukuna su ga ƙafafun motar gaba sun daina juyawa.