Kasuwar Kuza a Riruwai

Riruwai, a cikin duwatsun ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin Jihar Kano, gari ne da haƙar ma'adinai ta raya kasuwarsa. A Zamfara da Birnin Gwari zinariya ce ta tara jama'a, nan kuwa kuza ce, baƙin yashi mai nauyi da ake narkawa a sami dalma.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen garin ke tace kuza a rafuka da ƙwarya, su narka ta da gawayi da zugazugi, su zuba ta ta daskare siri-siri kamar tsinke. Ɗauri-ɗauri fatake ke saye, su kai Kano da ƙasar Nufe, inda maƙeran fari ke shafe kayan tagulla da ita. A ƙarni na 19 wasu masu narkawar suka ƙaura ƙasar Bauchi, suka kafa Riruwan Dalma. Irin waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan kamfanin Neja suka gani a kasuwannin Binuwai a shekarun 1880, suka bi sawunsu har duwatsun Jos.

Da mulkin mallaka ya kafu, doka ta mai da ma'adinai mallakar gwamnati, aka raba wa kamfanoni lasisi. Sana'ar narkawa ta mutu, kuma babbar hasara ce, don mai gwaninta ya koma ɗan ƙwadago a ƙasar kakanninsa. Kasuwa ta koma barikin lebura. Lebura ba ya noma, komai sai ya saya, saboda haka 'yan hatsi ke shigo da dawa da gero a kan jakuna, ga mahauta, ga 'yan koli, ga mata masu tuwo-tuwo da fura. Ranar biya ce ranar ciniki. Sauran kwanaki bashi ke tafiyar da bariki, sau da yawa da lamunin hedimani. Akwai kuma masu haƙa don kansu, waɗanda ke kai abin da suka tace gaban sikelin kamfani, kuma kamfanin ne ke yanka farashi. Da rani manoma kan zo cin rani su nemi kuɗin haraji, da damina ta faɗi kasuwa ta yi sanyi. Mafi munin lokaci shi ne 1942 zuwa 1944, sa'ad da Japan ta kama Malaya mai arzikin kuza, sai Ingila ta sa aikin tilas a filayen kuza na Arewa, hatsi ya yi tsada.

A shekarun 1970 aka haƙa babban rami na ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, amma aikin bai ɗore ba, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Yau masu diga da shebur ne ke haƙa, dillalai su auna a kilo, su ware kuza da kwalambait, su tura Jos.